Dan Allah a bar gasa sifirin tsofaffin a-kori-kura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani yayi da ya fara shigo mana nan Kebbi wanda ni dai wallahi yana ci mini rai, wato rage wa tsofaffin a-kori-kura tsayi har cikinsu ya kusa shafar ƙasa wai don kwalliya.

Abin a gidanmu ya faru shi yasa nake magana. Yayana Allah ya jiƙansa ya bar Pijo 504 a-kori-kura fara, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, da ita ya ci da mu ya aurar da ƙannenmu mata, albasa daga Aliero zuwa Jega, shinkafa daga fadama, ranar kasuwa har mutane da awakinsu a baya. Da aka raba gado ta faɗo wa babban ɗansa, yaro mai hankali bani da abin cewa a kansa, amma ya ga bidiyo a TikTok na Chevrolet C10 ɗin Amurka na 1967 zuwa 1972 waɗanda ake kwantar da su suna sheƙi, shikenan ya ƙwallafa rai. Nace masa ɗana wannan motar ba ta titin Amurka bace, yace Baba ai ɗan kaɗan za'a rage.

Na bi shi garejin, da idona na gani. Mai walda ya kunna gas ya ɗora wa sifirin gaba mai murɗi wuta har yayi jawur kamar garwashi, motar tana sauka a hankali a hankali, ya zagaya ɗaya gefen shima yayi masa, ba awo ba komai da ido kawai yake gwadawa. A baya kuma suka kwance sifirin suka zare ganye, wato fallayen ƙarfen da aka jera, biyu-biyu suka jefar gefe. Malam ko maƙeri ka tambaya zai faɗa maka in ka gasa sifirin yayi ja ka barshi ya huce da kansa to ya mutu, yayi laushi, ba zai ƙara dawowa ba in an danne shi, ai da tsohon sifirin mota suke ƙera fartanya da adda, sun fi kowa sanin halinsa. Kuma tun ranar gefen direba ya fi ɗaya gefen sauka.

Sati uku bata yi ba. Ya ɗauko albasa buhu goma, kayan da a hannun ubansa ko a jikinta, tun daga hanya taya ke gogar bodi yana jin ƙaurin roba, da ya sauka daga kwalta zai shiga unguwa sai ji kake ƙwam, kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji ya daki dutse ya tsage. Da aka kira ni bin sawun man nayi a kan jar ƙasa, baƙin layi siriri tun daga bakin kwalbati har inda ta tsaya. Allah ya taimaka ya ga jar fitila ta kama ya kashe inji da sauri, da yanzu maganar sabon inji muke. Salansa ma ta lotse, shokazoba ɗaya ta baya tana yoyo.

Abin da yaranmu basu gani a bidiyon shine su can ba gasa ƙarfe suke ba. Akwai kayan da aka ƙera musamman don haka, suna canja ƙarfen da tayar gaba ke zaune a kansa da wani wanda ke saukar da mota kamar inci 2 ba tare da an taɓa sifirin ba, su sa gajerun sifirin sabbi da gajerun shokazoba daidai da su, in saukar tayi yawa a baya su fafe shasi a saitin aksil su ƙarfafa wajen da ƙarfe mai kauri don kar aksil ya riƙa dukansa, sannan a duba karkatar firofela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, don in ta canja mota zata riƙa rawa tana cin gaɓar firofelar, a ƙarshe a sake alaimen a saita fitilu. Kuɗi ne masu yawa. Kuma bayan duk wannan motar bata ɗaukar ko buhu ɗaya, ta zuwa wajen nuni ce a kan titi sumul.

Mu kuwa nan ganye muka saba ƙara wa sifirin, saboda rairayi da laka da zaizayar damina. Tsayin nan na 504 shine darajarta. Tun 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna kuma tsayin nan ne dalilin da yasa mutanen karkara suka riƙe wannan motar, tana shiga inda wasu basa shiga. Yanzu an daina yinta, kayanta na asali sai an sha wuya, duk wadda aka lalata ta tafi kenan.

Don haka roƙona ga 'yan uwa makanikai da masu walda na Birnin Kebbi da Jega da Argungu da Yauri, in yaro ya kawo muku wannan aikin ku faɗa masa gaskiya ko da zaku rasa kuɗin ranar, sifirin da aka gasa yana iya karyewa mota na gudu da mutane a baya. Wanda kuma ya nace da kuɗinsa to ya nemo kayan da akayi don aikin, ya rage kaɗan, ya haƙura da lodi.

Tamu dai tana nan bayan gida a kan duwatsu, ganyen baya huɗu mun samo su a garejin kafin 'yan gwangwan su kwashe, na gaba ne muka aika a nemo mana a kasuwar Panteka ta Kaduna har yau muna jira, ga kakar albasa ta matso.

Naku,
Wani tsohon direba daga Jega, Jihar Kebbi