Babana, Ka Nemi Gurbin Karatun Jamus Da Hannunka

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kana kuma ci gaba da bautar ƙasarka lami lafiya. Na karanta saƙonka kan neman digiri na biyu a fannin injiniya a Jami'ar Fasaha ta Munich, wadda ake kira TUM. Na amince, Allah ya sa albarka. Jami'a ce mai suna tun kafa ta a 1868, kuma ban ga abin da zai hana ɗan da ya yi karatu irin naka ya zauna a cikinta ba. Sharaɗina ɗaya ne: kai za ka cike komai da hannunka. Ban yarda ka miƙa takardunka ga wani ajan ba, ko da abokin wani ɗan'uwanmu ne.

Ga dalilina. Ajan zai rubuta maka wasiƙar bayyana manufa irin wadda ya rubuta wa mutum goma, wani lokaci har ya gyara maki ko takardar banki ba da saninka ba. Ranar da aka gano, sunanka ne a kai, shi yana shagonsa yana jiran wani. Hanyar kuma a buɗe take. Takardunka za su bi ta uni-assist, masu tantance shaidar karatun 'yan ƙasashen waje, kuɗinsu Yuro 75 ne a neman farko, aikin kuwa yana cin makonni. Saboda haka ka je jami'ar da ka gama tun yanzu ka nemi takardar cikakken sakamakonka, ka tsaya a kanta da ƙafarka, don ka san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Ka yi jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta IELTS da wuri, ka duba fasfonka kada ya kusa ƙarewa.

Sai maganar kuɗi, wadda nake so ka karanta sau biyu. Mutane na cewa karatu kyauta ne a Jamus. A yawancin jami'o'in gwamnati haka ne, amma ita TUM tun zangon hunturu na 2024 ta fara karɓar kuɗin makaranta daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, Yuro 4,000 ko 6,000 a kowane zango ga masu digiri na biyu, zango biyu kuma ake yi a shekara. Ban da wannan, kafin a ba ka biza sai ka zuba Yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka 992 kowane wata. Daga ciki za ka biya inshorar lafiya, wadda dole ce, da abinci, da haya, a birnin da hayarsa ta fi ta kusan ko'ina tsada a ƙasar. Ka ɗauki biro ka juya waɗannan zuwa naira da farashin 'yan canji na Wapa, ka kawo mini lissafin. Ba zan sayar da gonar gado ba, ƙannenka mata ma suna da haƙƙi a kaina. Kada kuma ka ce aiki zai cike giɓin. Doka ta ba ɗalibi kwana 140 a shekara, kuma wanda ya kwana ɗaukar kaya a sito ba ya fahimtar lacca da safe.

Shi ya sa nake so ka haɗa da Jami'ar RWTH da ke Aachen. Ita ma babba ce a fannin injiniya, kuma a kwasa-kwasanta na yau da kullum kuɗin zango kaɗai ake biya, 'yan ɗaruruwan Yuro. Sai dai tana rufe karɓar takardun irinku tun 1 ga Maris, kada ka yi sake. Ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ko da kana ganin masu nema sun yi yawa.

Ka fara koyon Jamusanci tun kana nan. Darasi da Turanci ne, amma mai gidan haya da ma'aikacin ofishin baƙi da yarensu za su tare ka.

Mahaifiyarka damuwarta salla ce. Ta ji cewa a watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba duk su riske ka a aji, a watan Yuni kuma isha'i sai dare ya raba. Idan Allah ya sa ka je, ka nemi masallaci a makon farko, kafin ka nemi abokai.

Ka turo mini wasiƙar manufarka kafin ka aika. Ba zan canza maka kalma ba, so nake na ji ko muryarka ce a ciki. Idan ka zo hutun ƙarshen wata, mu zauna da kawunka a kan lissafin.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa mafi alheri.

Mahaifinka