Kafin ka sayi sabon batir

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki? Saƙonka ya iso, na ga ka ce motar tana nauyin tashi da safe har kana shirin sayen sabon batir. Dakata tukuna. Batir mai shekara 4 ya isa a zarge shi, tunda yawancinsu shekara 3 zuwa 5 suke yi, zafi kuma yana rage musu kwana. Amma sau da yawa laifin na altaneta ne, wato na'urar da ke caja batir in inji na aiki, ko na kan batir inda ake ɗaura wayoyi, kuma in haka ne, sabon ma mutuwa zai yi.

Fara da ido. In ka ga farin gari ko kore-kore a kan batir, kashe mota, kwance wayar baƙa mai alamar ragi da farko, sannan ja. Wanke da ruwan zafi, ka goge da burushin waya, ka mayar da ja kafin baƙa, ka ɗaure tamau. In cikin batir ɗin ya kumbura, ko ya tsage yana yoyo, kada ka wahalar da kanka da gwaji, ya gama. In mai murafu ne kuma ruwan ya ja baya, tataccen ruwa na batir (distilled water) za ka ƙara har ya rufe farantan, ba asid ba.

Sai mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta da volt. Ka auna da safe bayan motar ta kwana, domin batirin motar da aka kashe yanzu yakan nuna lamba sama da gaskiyarsa. Volt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ke nan. In ya tsaya wajen 10.5, mai yiwuwa ɗaya daga cikin ɗakunansa 6 ya mutu, kowanne kuwa kusan 2.1 yake bayarwa.

Sai dai wannan lamba caji kawai take faɗa, ba ƙarfi ba. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 ya kasa juya inji. Don haka ka cika shi da caji, ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita. In lamba ta faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa, batir ɗin ya gaji. Wannan gwajin na fi yarda da shi.

Inji na aiki kuma, ya kamata ka ga 13.7 zuwa 14.7. Ƙasa da haka, duba fanbel da altaneta. In ya haura 15, dafa batir ake yi.

In duk ya ci waɗannan amma yana sauka cikin dare, wani abu ke shan wuta, kamar rediyo ko fitilar but. Rewaya ya auna maka. Wutar da ake sha in mota na kashe bai kamata ta wuce kusan miliyam (milliamp) 50 ba.

Turo min lambobin uku in ka auna. Ka gaida mutan gida.

Naka,
Bashir