Wasiƙa daga Nottingham: jiragen da nake ƙerawa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ka gaishe min da Baba da kyau, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya lau, sai sanyi, wanda a nan ba ya zuwa shi kaɗai sai ya taho da yayyafi.

Da na tura maka hoton nan ka tambaye ni ko kayan wasan yara na koma saye. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Abin da ka gani jiragen yaƙin sararin samaniya ne na ƙage, babbansu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ni na zana su na shafa musu fenti. Duk daren Alhamis mukan haɗu mu biyar ko shida, mu shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur a matsayin sararin samaniya, kowa ya jera rundunarsa. Kada ranka ya kawo maka caca, ko sisi ba a sawa. Rula ce da takarda da 'ya'yan ludo. Garin nan cibiyar harkar ce, domin a nan hedikwatar Games Workshop take, kamfanin da ya fitar da Battlefleet Gothic a 1999, wasan da jiragensa suke kama da manyan majami'u masu hasumiya da aka ɗora wa inji. Amma mu Full Thrust muke bugawa, na wani ɗan Ingila mai suna Jon Tuffley, wanda ya fara fitowa a 1991. Na fi son sa saboda bai ɗaure ka da sayen jirgin kowa ba. Kai za ka yanke nauyin jirginka, sannan ka raba nauyin tsakanin inji da ƙarfin jiki da bindigogi da garkuwa. Ka ƙara wa inji, bindiga ta ragu. Ka cika bindiga, jirgi ya zama kunkuru.

Ga inda launi ya shigo. A wasan nan kowa a ɓoye yake rubuta inda jirginsa zai nufa, ana auna juyawa kamar lambobin agogo goma sha biyu, sannan a motsa duka lokaci guda. Bindigogi kuma kowace da kusurwar da take iya harbi, bayan jirgi kuwa kusan a buɗe yake saboda inji. Ke nan sanin inda hancin jirgi yake kallo shi ne rabin wasan. To, rundunata ta farko ruwan toka mai duhu na shafa mata gaba ɗaya, don a ganina haka jirgin yaƙi ya kamata ya kasance. Mako uku na yi a kanta. Ranar da na jera su a kan baƙin ƙyallen nan, sai suka nutse. Wani dattijo da muke wasa da shi sau uku yana tambayata ina ne gaban babban jirgina, daga baya ni kaina na ruɗe, na juya wa bindigogin dattijon baya. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Da muka tashi ya ɗauki jirgin, ya miƙe hannunsa iya tsawonsa, ya ce daga nan ake kallon jirgi a tebur, ba daga inda nake kallonsa lokacin da nake fenti ba.

Tun daga ranar na sake lale. Yanzu da siffa nake farawa. Ina zanawa a Blender, manhajar kyauta ce, kuma kafin in ƙara komai sai in mayar da jirgin baƙi wuluk in kalle shi daga sama. Idan inuwarsa kaɗai ba ta nuna min gaba da baya ba, in goge. Sai ya tsallake wannan nake ƙara masa ƙananan bututu da ƙofofi da tankuna, waɗanda su ke sa ido ya yarda cewa abin ƙato ne. Ƙofa ƙarama kamar ƙwayar gero tana gaya maka girman jirgi fiye da duk wani bayani. Daga nan in kai wa wani abokin wasanmu mai na'urar da ke fitar da siffa daga ruwan roba, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace kaurinta kashi ɗaya cikin ashirin na milimita.

Abin da ya fi ɗauke min hankali shi ne da na koma tarihi ina neman dalilin da ya sa mutane suke shafa wa jirgi launi. A 1917, lokacin da jiragen Jamus masu nutso suka addabi jiragen ruwan Birtaniya, wani mai zane, Norman Wilkinson, ya ce tunda ba za a iya ɓoye jirgi a kan teku ba, a yi masa zane-zane masu karkata da karo da juna, kamar jakin dawa, don mai leƙe daga ƙarƙashin ruwa ya kasa gane inda ya dosa da irin gudunsa. A watan Yunin 1944 kuma, da sojojin ƙawance za su sauka a Normandy ta ƙasar Faransa, sai aka yi akasin haka: aka ja wa jiragen sama layuka biyar a fiffike, uku farare biyu baƙaƙe, don kada nasu su harbo su. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata, baƙi da farin da ke jikinta ya taimaka wa masu bin ta da kyamara daga ƙasa su ga yadda take juyawa. Ga kuma babban tankin man kumbon Amurka mai zuwa ya dawo: a tafiya biyu na farko, a 1981, fari ne, daga baya suka daina shafa masa fenti suka bar shi da launinsa na ruwan goro, suka rage nauyin kimanin kilo 270. Ka ga kowane launi da aikinsa, har rashin launin ma.

Shi ya sa yanzu ba na ɗaukar burushi sai na san amsar tambaya uku: na wane ne jirgin, ina ya dosa, mene ne aikinsa. Jikin rundunata shuɗi ne irin na rinin Ƙofar Mata, amma na sirka shi da fari sosai, domin launi mai duhu a kan ƙaramin abu ƙara duhu yake yi daga nesa. Hanci fari fat. Bakin inji ruwan goro. Ɗigon ja a hagu, ɗigon kore a dama, kamar fitilun jiragen ruwa. Masu ɗaukar ƙananan jirage layi biyu, masu manyan bindigogi layi ɗaya mai faɗi. Kowanne kuma na yi masa fukafukan lagireto, saboda a can babu iskar da za ta kwashe zafi, sai dai jirgi ya haskar da shi waje. Fararen faifan nan da ke jikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa aikinsu ke nan. Abokan wasana da yawa ba sa damuwa da wannan, ni kuwa jirgi marar lagireto sai in ga kamar bai gama sa tufafi ba.

Shafawar kanta ba wuya. Fentin shimfiɗa da farko, sai launin jiki, sai baƙi mai ruwa-ruwa da zai gangara cikin ramuka ya fito da su, sai busasshen burushi a goga a kan gefuna. Layuka da salatif ɗin takarda nake fitar da su. Damshin garin nan ne kawai matsala, ya taɓa sa fentin feshi ya bushe min da gurza-gurza kamar sanfefa, sai da na wanke jirage shida na sake.

Yanzu ga roƙona. Ina so in ƙera runduna ta biyu, abokan gābar ta farko, masu zanen ruɗarwa irin na Wilkinson, amma duk wanda na zana sai ya fito a daskare. Ni kuwa ban manta motocin kara da na gwangwani da kake yi mana a ƙofar gida ba, yadda kake ja musu layi da ragowar fentin masu gini har yaran wata unguwa su zo kallo. Hannun nan naka nake nema. Zan turo maka inuwar jirage huɗu daga sama, ka buga a takarda ka zana musu abin da ranka ya ba ka, launi uku kacal, sharaɗi ɗaya kawai: hanci ya fita daban. Ka ɗauki hoto ka turo ta WhatsApp.

In Allah ya yarda da babbar Sallah zan zo, kuma zan taho da rundunonin biyu da baƙin ƙyallen. Ka nema mana tebur mai faɗi. Ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Nottingham