Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya: taron mura, takardun kula da masu jinya, da maganar kuɗin wata

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiyarmu ta masu fama da daɗaɗɗen ciwo da masu jinyarsu. Ga rahoton shekara kamar yadda aka saba, kuma dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara kirana ana tambayar ina na'urorin da aka ce za a saya, domin amsar tana nan ciki.

Taron wata-wata an yi shi, banda watannin da mutane ba su fito ba. Kwamitin ziyara ya yi abin da ya samu.

Toh bari in fara da maganar da ba a son ji, wato kuɗin wata. Waɗanda suka biya nasu cikakke daga farkon shekara zuwa ƙarshe sun san kansu, Allah Ya saka musu da alheri, kuma ba su da yawa. Sauran kuwa wasu sun biya na watannin farko suka yi shiru, wasu tun ranar da suka yi rajista ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai dai in ciwo ya tashi cikin dare sannan a tuna akwai ƙungiya. Ni da ma'aji mun yi ta kira, mun tura saƙo a guruf, mun bi wasu har gida, amsar dai ɗaya ce, insha Allahu ƙarshen wata, kuma ƙarshen watan nan har yau bai zo ba. Ni ba albashi ake biyana ba, katin wayar da nake kiranku da shi ma daga aljihuna yake fita, ni ma ina da mara lafiya a gida kamar kowa. Mun sani akwai waɗanda kuɗin magani ya riga ya cinye su, su ba da su nake ba, ai ƙa'idarmu ta ce wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa a ɗauke masa. Da masu hali nake, masu karanta saƙo su yi kunnen uwar shegu.

Wannan shi ya sa ba a sayi na'urorin auna oksijin na yatsa da muka yi alkawarin za a riƙa ba da aro ba, sai 'yan kaɗan da kuka gani ranar taro. Nebulaiza kuwa, wato na'urar da ke mayar da maganin asma tururi a shaƙa, ba a saya ba kwata-kwata, kuma ba sakaci ba ne kamar yadda na ji ana faɗa a bayan ido. Kuɗin bai kai ba, sannan da muka tuntuɓi likitan da ke ba mu shawara ya ce kada mu damu, domin inhela, wato abin fesa maganin asma a baki, in aka jona mata robar shaƙa tana aiki daidai da nebulaiza a yawancin tashin asma, ba ta buƙatar wuta, kuma ba a yawo da abin da wani ya yi tari a ciki daga gida zuwa gida. Sai muka ga gara a bar shi. Ɗan littafin bayani da aka ce za a buga an gama rubuta shi, nas ɗinmu ta duba ta gyara, yana nan a kwamfuta yana jiran kuɗin bugawa. Maganar allurar rigakafin infuluwenza ta haɗin gwiwa ita ma ta tsaya, saboda sai an ba da sunaye da kuɗi tun da wuri, mu kuma lokacin da sunayen suka taru lokacin ya wuce. Masu cewa ai sun yi bara su sani wannan allurar ta kowace shekara ce, domin ƙwayar cutar tana sauya kama, har Hukumar Lafiya ta Duniya sau biyu a shekara take fitar da irin da za a haɗa, a Fabrairu da Satumba.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai, wato taron wuni guda da muka yi kan mura da yadda take taso da ciwon da ke kwance a jiki. Wallahi tun da aka kafa ƙungiyar nan ban ga taron da ya yi armashi irinsa ba, kujeru suka ƙare, wasu a tsaye suka wuni, har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba sun zo da yaransu. Likitan da nas ɗin ko kuɗin mota ba su karɓa ba.

Likita ya fara ne da tambayar wa ya taɓa shan antibayotik saboda mura, kusan kowa ya ɗaga hannu, aka yi ta dariya. Sai ya bayyana cewa mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma irinsu sun haura 200, shi ya sa mutum zai warke yau bayan wata guda wata ta kama shi. Bairos ba ta rayuwa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro ta mayar da su wurin hayayyafarta, antibayotik kuma bakteriya yake kashewa, saboda haka babu abin da zai yi mata, sai ma ya jawo gudawa ya kuma koya wa bakteriyar jiki jure magani. Wata baiwar Allah ta ce to in majina ta koma kore fa, ya ce wannan launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ke yaƙi, shi kaɗai ba hujjar shan antibayotik ba ne, kuma tarin bayan mura yana iya kai mako uku ba tare da wani abu ya lalace ba. Ya raba mana tsakanin mura ta yau da kullum da ke zuwa a hankali da atishawa da yoyon hanci, da infuluwenza mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki har ya kasa tashi, wadda a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya take kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Ya yi maganar wata bairos mai suna RSV da kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2, ga babba mura ce kawai amma ga jariri tana toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu. Korona ma ya tuna mana cewa janye dokar ta-ɓaci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Mayun 2023 ba ya nufin ta tafi, tana nan tana yawo cikin sauran.

Inda zauren ya yi tsit shi ne da ya juyo kanmu. Ya ce ga mai lafiya mura ta kwana bakwai zuwa goma ce ta wuce, amma mu nan kusan kowa yana da asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko sikila ko ciwon ƙoda, ko yana jinyar mai shi, kuma bairos ba sai ta yi tsanani take kwantar da irinmu ba, ciwon da ke jikin take tayarwa. Mafi yawan tashin asma a yara mura ce ke jawo shi. Mai suga in zazzaɓi ya kama shi sugan hawa yake ko da bai ci komai ba, don haka babban kuskure ne ya ajiye insulin wai don ba ya cin abinci, abin da ake so ya ƙara yawan gwaji, kamar duk bayan awa huɗu, ya yi ta shan ruwa, in amai ya hana ruwa zama a tafi asibiti. Mai raunin zuciya ya riƙa hawa sikeli kullum da safe, in ya ga ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ko ƙafa ta kumbura ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina, ruwa ne ke taruwa. Mai sikila kuwa in zafin jiki ya kai 38.5, ko ga ciwon ƙirji ga haki, ba a jira gari ya waye. Sannan ya ja kunnenmu kan magungunan da ake saya kai tsaye a kemis, masu buɗe hanci suna iya tayar da hawan jini, ibuprofen da danginsa ba su dace da mai ciwon ƙoda ko raunin zuciya ba, asfirin kuma ba a ba yaro mai zazzaɓin bairos saboda yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin infuluwenza na musamman akwai shi, amma ya fi amfani in an fara cikin awa 48 na farko, shi ya sa jan ƙafa ke da tsada a wajenmu.

Bayan hutu nas ta karɓa, nan aka koma aikin hannu. Ta sa iyaye mata suka buɗe cikin yaransu, kowa ta kunna agogon waya, aka ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yaro yana natse ba ya kuka. Ta rubuta a allo: jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40. Ta nuna yadda ƙasan haƙarƙari ke lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ta ce wannan da kasa shan nono da yawan barcin da ba a iya tayar da yaro da leɓe ya sauya launi, duk na gudu asibiti ne. Akwai wata ƙanwarmu da ta ƙirga na ɗanta har sau uku tana samun sama da 50 alhali ya haura shekara biyu, ita a zatonta mura ce kawai, nas ta duba shi ta ce su tafi yanzu, daga baya muka ji nimoniya ce ta fara kuma an kama ta da wuri. Ko wannan kaɗai aka samu a taron ai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai kuma darasin inhela. Aka ce kowa ya nuna yadda yake shaƙa, wani babanmu da ya shekara da shekaru da asma ya fito ya buɗe baki ya fesa daga nesa kamar mai fesa turare, ya rufe baki ya ce shi ke nan. Nas ta ce Baba ai maganin a harshe ya tsaya. Ta nuna masa a girgiza tukuna, a fitar da numfashi, a kama bakin da leɓe, a danna sau ɗaya ana ja a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Ta ɗauko gorar ruwa ta roba mai rabin lita ta huda gindinta daidai bakin inhela ta mayar da ita robar shaƙa a gaban kowa. Ta kuma bambance mai buɗe ƙirji ta gaggawa da ta rigakafi da ake shaƙa kullum ko ana lafiya, wadda yawancinmu ke ajiyewa da zarar mun ji sauƙi, a kurkure baki bayanta. Na'urar yatsa ma an gwada, lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 na gaggawa ne, masu daɗaɗɗen ciwon huhu kuma likitansu ne zai faɗa musu nasu adadin. Ta gargaɗe mu cewa yatsa mai sanyi ko jan farce na ruɗa ta, kuma a fata mai duhu takan nuna sama da gaskiya, don haka in mutum yana haki ba ya iya gama jimla, kada lamba ta yaudare ku.

Duk wannan an yi shi ne don abu ɗaya, takardar tsarin kula ta kowane mai jinya. Shafi ɗaya ce tak: sunan ciwon, magungunan da adadinsu, abin da za a yi ranar da mura ta fara, alamomin da ke nufin a kira likita, alamomin da ke nufin a tafi asibiti ba shawara, da wanda zai kai ka. Ta masu asma an kasa ta kore da rawaya da ja, kore lafiya lau, rawaya alamu sun fara, ja na gaggawa. Likita ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ƙarfe biyun dare yaro yana shaƙewa ba lokacin tunanin fesa nawa za a yi ba ne. Waɗanda suka zo da katin asibiti da magungunansu an cika musu nan take likita ya sa hannu, kuma a lokacin sanyin da ya biyo baya su ne ba mu ji kiransu na firgici ba, in sun kira ma sai ka ji suna cewa mun shiga rawaya mun yi kaza, yanzu muna hanyar asibiti.

Abin takaicin shi ne takardun da suka rage. An sanar tun mako biyu kafin taron cewa a zo da magunguna, wasu suka zo hannu rabbana suna cewa ƙaramar fara ce da ake sha da safe, ta yaya likita zai rubuta tsari a kan ƙaramar fara? Wasu suka karɓi fom suka tafi da shi gida har yau bai dawo ba. Wasu kuma ba su zo ba sam, amma su ne kan gaba wajen turo saƙon murya a guruf na maganin da wai ke kashe kowace irin mura cikin awa ɗaya, dan Allah a daina, duk wanda ya sake turowa za a goge. Kwamitin ziyara an ɗora masa laifin rashin bin gida-gida a cika sauran, amma mutanen da suka rage a kwamitin ba su taka kara sun karya ba, waɗanda suka ɗaga hannu ranar zaɓe rabinsu ko sau ɗaya ba su fito ba, kuma takardar ba ta cika sai da sa hannun ma'aikacin lafiya, wanda ba za mu yi ta jan sa kyauta kullum ba.

Shekara mai zuwa ba za mu ɗauko sabon aiki ba sai an gama waɗannan: sauran takardun, buga littafin, da tattara sunayen masu son allura tun da wuri. Shugaba ya amince cewa aron na'urar yatsa zai fara ne da waɗanda ba a bin su bashi ko waɗanda aka ɗauke wa. Likita ya yarda zai sake zuwa taron wata na biyu, saboda haka wanda ba a cika wa takarda ba ya zo da katinsa da duk magungunansa a cikin kwalayensu, har wanda ya saya da kansa. Mai mura ya sa takunkumi ko ya aiko wani. Littafin kuɗi yana wajen ma'aji ga duk mai son dubawa, kuma kujerar sakatare tana cikin waɗanda za a yi zaɓensu, mai sha'awa ya ba shugaba sunansa.

Sakataren ƙungiya