Labarin ayarin alhazan Sham na 1757 bai cika ba a shirinku

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da aiki. Na saurari shirinku na tarihi kan Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Shehu ba, don har wasu a majalisarmu sun rikice), na ji daɗi ƙwarai, amma gaskiya inda kuka zo maganar 'yan fashin hanyar Hajji kun wuce da sauri, kawai kuka ce Larabawan ƙauye ne ɓarayi shikenan.

Ai abin ya fi haka. Gwamnatin Istanbul da kanta take biyan ƙabilun nan kuɗi duk shekara, surra ake ce masa, don su bar ayarin da ke tashi daga Dimashƙa ya wuce lafiya, su kuma ba da hayar raƙuma su nuna rijiyoyi, gwamnan Sham shi ne amirul hajji kuma wuyansa ne idan wani abu ya faru. Gwamnan Sham As'ad Pasha al-Azm ya yi shekara 14 yana jan ayarin nan tun 1743, ya san wa zai ba, ya san wa zai tsorata. Rana ɗaya a 1757 aka cire shi aka kawo Husaini Pasha ibn Makki, ga fari ya cinye dabbobin ƙabilar Banu Sakhr, to me ake jira? Sai da suka fara tarwatsa rundunar da aka turo da ruwa da guzuri ta tarbi alhazai, sannan suka faɗa wa ayarin kansa yana dawowa, wajen Tabuka. An ƙiyasta mutum kusan 20,000 suka halaka, da yawa ba takobi ne ya kashe su ba, kayan jikinsu aka tuɓe aka bar su a rairayi ba ruwa ba inuwa, mutanen da makonni kaɗan baya suke tsaye a Arfa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya mutu.

To me gwamnati ta yi? Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi, aka kashe As'ad Pasha bisa zargin shi ya zuga Banu Sakhr don haushin cire shi. Abin da ke ci min rai kenan, tsaron dubban bayin Allah an rataye shi a kan sanayyar mutum ɗaya da shehunan ƙabila, da ya tafi komai ya rushe. Kuma ba wai ƙarfi bai taɓa shiga ba, tun 1691 aka tilasta wa ƙabilun Turkumawa makiyaya zama a yankin Raƙƙa da ke arewacin Sham don su zama katanga, da yawansu suka gudu suka koma Anatoliya.

Don Allah ku sake shirin, ku gayyato malamin tarihi ya warware mana maganar surra ɗin nan da kyau, ku kuma buɗe layin waya, mu nan da ake ta gardamar sulhu da 'yan bindiga muna da tambayoyi da yawa.

Naku mai sauraro kullum,
daga Gusau