Wasiƙa a kan alamomin kumburi a jini da sankarar mama

Zuwa ga aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, na samu saƙonki game da gwajin jinin Yaya da ke fama da sankarar mama, da yadda hankalinki ya tashi da kika ga CRP, wato awon kumburi a jini, ya hau, kuma kika karanta cewa hakan alama ce ta sankarar mama mai tsanani.

Abin da kika karanta yana da tushe. Tun a 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya kuma yi hasashen cewa akwai dangantaka tsakanin daɗaɗɗen kumburi da sankara. CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa idan jiki yana kumburi. Akwai kuma wani awo da ake samu daga ƙirgan jini na yau da kullum, wato a raba adadin nutirofil da adadin limfosait, waɗanda nau'o'i biyu ne na fararen ƙwayoyin jini. Nutirofil kan saki sinadaran da ke taimaka wa ƙari ya tsiro sabbin jijiyoyin jini, su kuma limfosait su ne ke farautar ƙwayoyin sankara, saboda haka idan na farko sun rinjayi na biyu, ana ɗauka garkuwar jiki ta raunana. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa matan da wannan awo nasu ya yi sama, idan an dube su a jimlace, cutar ta fi saurin dawo musu.

Sai dai kalmar nan "a jimlace" tana da nauyi, kuma a nan nake so ki tsaya. Sakamakon da aka samu daga dubban mata ba ya yanke hukunci a kan mace ɗaya. Mura, ciwon haƙori, ƙiba, ko tiyatar da aka yi kwanan nan duk suna ɗaga CRP. Maganin sitiroyid da ake bayarwa tare da kemoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, yana ƙara nutirofil, haka ma allurar da ake yi don farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini. Ga shi kuma har yanzu masu bincike ba su daidaita a kan adadin da za a kira mai haɗari ba, kowane nazari da iyakar da ya ɗauka. Ni a ganina amfanin waɗannan gwaje-gwaje shi ne sauƙin samunsu, amma ba su kai a zaɓi magani da su kaɗai ba.

Abubuwan da likita ya fi dogaro da su su ne girman ƙarin, da ko ya kai kaluluwar hammata ko wasu sassan jiki, da yanayin ƙwayoyinsa a madubin likita, sannan ko yana amsa sinadaran jikin mace na istirojin da furojestiron, da matsayin HER2, wani sinadari da ke hanzarta girman ƙari idan ya yi yawa a ƙwayoyinsa. Biyun ƙarshen nan ne ke nuna ko maganin tamoxifen ko trastuzumab zai yi mata aiki.

Don Allah idan kun koma asibiti, ki tambayi likita matakin cutar da sakamakon waɗannan gwaje-gwaje, ki kuma gaya masa idan Yaya ta yi zazzaɓi ko wani ciwo a kwanakin da aka ɗebi jinin, domin wataƙila ya so a maimaita. Ki rubuto mini abin da ya ce. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara miki haƙuri da jinya.

Taki aminiya.