Shawarata a kan shawara

Agege, Legas

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya nauyin jiki? Ya maigidan da su Hajiya? Na san kin yi fushi da kika ji labarin suna a bakin mutane. Ki yi haƙuri, a gadon asibiti ranar ta same mu. Ragon ma baban yaron ne ya yanka shi da maƙwabta, ni ko ƙamshin suyar ban ji ba.

Ciwon shawara ne ya kama jaririn. Kwanansa uku, Gwaggo tana masa wanka ta ce idon yaron nan ya yi ruwan ɗorawa, a riƙa shanya shi a hantsi. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta kawo ruwan ɗanyar gwanda, wata ta ce gulukos. Kowa da maganinsa. Sai da ya ƙi kama mama, barci kawai yake yi, sannan hankalina ya tashi muka tafi.

Aka ɗibi jininsa aka auna. Likitar ta ce wani datti ne, bilirubin, da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi ba. Kusan shida cikin goma na jarirai suna yi, yawanci ya wuce da kansa. Amma in ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake hawa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki. Namu ya kai a sa shi a fitila.

Wallahi da na gan shi tsirara daga shi sai famfas, an rufe masa ido, shuɗin haske ya lulluɓe shi, kuka na yi. Gwaggo cewa ta yi gasa mata jika ake yi! Ashe aikin na hasken ne, ba na zafi ba: yana juya dattin ta cikin fata ya koma abin da zai bi fitsari da kashi ya fita. Shi ya sa nas ba ta barina in huta, duk bayan awa biyu zuwa uku sai ta tashe ni in ba shi mama, in mai da shi. Kwana biyu muka yi a haka. Jaririyar da ke gefenmu an makara da kawo ta, sai da aka yi mata canjin jini ta cibiya. Har yau ina ganin fuskar uwarta.

Ka da ki ce Gwaggo ba ta da gaskiya sam. Wata nas ce a Ingila ta fara lura cewa jariran da ake fitarwa rana suna washewa, aka wallafa binciken a 1958. A nan Legas ma, a asibitin haihuwa na Island, an gwada rumfa mai tace hasken rana, aka fitar da sakamakon a 2015, kuma ta yi aiki. Amma tsurar rana ƙona fata take yi, kuma ba wanda ke auna jinin a tsakar gida.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kafur. Likitar ta tambaye ni me nake sawa a akwatin kayan jariri, na ce kafur mana, kamar kowa. Ta ce yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari, G6PD, kuma kafur yana fasa musu jini. Lallen ƙunshi ma haka yake yi. Don Allah tun yanzu ki fitar da kafur daga kayan da kika tara, ki wanke su tas.

In Allah ya sauke ki lafiya, kullum ki duba jaririn a hasken rana, ba a fitilar ɗaki ba: farin ido, dasashi, ki danna goshi ki ga launin da zai bari. In ya yi ɗorawa tun ranar farko, ko ya ƙi mama, ka da ki jira suna.

Ki gaishe da Hajiya. Daddawar da ta aiko ta kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa.

Taki har kullum.